Wutsiyar Tsaka

Shekara huɗu ina Abijan ina tura baro,
na dawo Tawa da jaka ɗaya da tari.
Inna ta rasu tun damina ta biyu,
a waya na ji, a waya na yi kuka.
Habsu ta miƙo mini makulli ɗaure da tsumma,
ta ce ɗakin na nan yadda ta bar shi.

Ba haka ba ne.
Kwaɗon ma sai da ya sha man gyaɗa ya buɗe.
Ina tura ƙyaure, bango ya motsa,
ƙananan ƙafafu suka watse,
wasu bayan kalanda, wasu tsakanin azara.
Ashe an raba gado ba a jira ni ba.

Cikin samira ta uku a jeren kwanoninta
ƙwai biyu farare, ba su kai gujiya ba.
A kan taga kashinsu, baƙi da ɗigon fari,
layi bayan layi, kamar kayen mai bin bashi.

Da hantsi jan gwada ya sauko daga katangar Nomau,
ya tsaya gindin turmi,
ya ɗaga ƙirji, ya sauke, ya ɗaga,
idonsa a kan ƙofa.
Nan take zubar da ƙasari,
tururuwa su taru a kai,
su kuma su taru a kan tururuwa.
Albarkacin kaza, in ji mutane.
To kajinmu annoba ta kwashe su tun ina lakwal,
kaskon kuwa bai taɓa kwana ba ruwa ba.
Na ɗauke shi, na kankare, na cika.
Ya sha. Bai gode ba,
ya dai gyaɗa kai kamar ya ce an makara.

Tsaka kam, tsakaninta da Inna ba sulhu.
Rufe gishiri, rufe fura, rufe randa,
ko cokali ya kwana a waje sai an wanke sau uku.
Daren da zan tafi, ina cusa riguna a jaka,
ta hango wata ƙarƙashin ampul,
ta kai mata tsintsiya.
Wutsiya ta faɗo kan tabarma tana rawa ita kaɗai,
mai ita ta shige tsaga.
Inna ta yi dariya, ta ce, ka gani,
mai son tsira sai ya bar wani abu a baya.
Sai ta dubi jakata.
Ba ta ƙara magana ba har asuba.

Yau na kunna ampul ɗin nan.
Ƙwari suka zo biki,
sai ga ta daga bayan agogon bango da ya tsaya,
ƙatuwa, cikinta kamar takardar da ta sha mai.
Takan daskare, har ka ce zane ce,
taku biyu, ta daskare,
sannan faɗa-wuta ya ɓace, saura fiffike a bakinta.
Wutsiyarta kala biyu ce,
akwai zare a inda sabuwa ta kama tsohuwa,
kamar ɗinkin da aka yi da wani yadi.

Arzika ya ce haba,
masu guntuwar wutsiya sun fi ɗari a Bilbis,
kuma wa ya ce maka suna kai shekara huɗu?
Ban yi gardama ba.
Na dai ɗauki tsintsiyar na jingine ta a waje.
Duk garin nan ban ga sauran abin da hannunta ya taɓa
yana numfashi ba,
sai ni, sai wannan.

Can tsakar dare aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Daga saman bango, cikin duhu,
sai na ji tsaki, gajere, sau biyu,
irin wanda ake yi wa yaron da ya kai dare a yawo.
Na gyara kwanciya a kan tabarmarta,
na ce, ai na dawo.